Furen Ranar Karusa

Talata, 21 ga Maris, da hantsi

Hasanabba bai zo ba.

Na tashi kafin gari ya waye, na tsinke mallige, farin furen nan mai ƙamshi, tun bai buɗe ba. Maƙwabciyata Varija ta tsallako daga gidanta, muka zauna a baranda muka ɗaura shi a zaren ayaba. Na naɗe a ɗanyen ganye, na yayyafa ruwa, na ajiye kan katanga inda yake tsayar da babur. Rana ta hau, furen ya buɗe shi kaɗai cikin ganye. Ƙamshi ya cika gidan, ga shi fure in ya buɗe kafin ya isa kasuwa babu mai ko kallonsa.

Tun ina amarya babansa ke zuwa ɗaukar furen gidan nan, shi kuma ya gaje shi. Ko ranar da aka binne mijina ya zo. Ya tsaya a ƙofar coci har aka gama, sannan ya ɗauki kayansa.

Varija ba ta ce komai ba yau, matar da ba ta iya ɗaura fure sai ta yi gulmar rabin garinmu Bolpadi. Na ce, "Harshen naki a gida kika baro shi?" Ta ce, "Zafi ne, Akka." Haka take kirana, wato yaya.

Ba zafi ba ne. Abin da ya faru a gada ranar Lahadi ne. Kowa da nasa labarin, har masu cewa da idonsu suka gani ba su faɗi abu ɗaya ba. Abin da na sani, jiya an ƙone gawar wani saurayi a ƙauyen ƙetare bisa al'adar Hindu, kuma uwarsa ba ta da wani ɗa. Sauran ba zan rubuta ba.

Laraba, 22 ga Maris, da yamma

Na je sayen sukari. Shagunan layin masallaci duk a rufe. A ƙofar haikali an rataye wani babban ƙyalle: bana ba a yarda wanda ba Hindu ba ya kafa rumfa ko ya shigo da kaya bikin karusa. Na tsaya na karanta, na sake karantawa, har mai shayi ya ce mini, "Appi-bai, rubutun ba zai sauya ba."

Furen da ake sa wa Devi, gunkin haikalin, a ka ranar da ake zagaya gari da ita a karusa daga lambun nan yake fita. Kakan mijina ya shuka, kakan Hasanabba ya kai, kakan Bhat malamin haikali ya karɓa a bakin matakala ya ba shi kwakwa da ayaba. Ni Kirista ce, ba na bauta mata, Hasanabba ma Musulmi ne ba ya yi, kuma babu wanda ya taɓa tambayarmu. Saura mako biyu.

Na kira shi a waya. Dariya ma ya yi. "Matata Nebisa ce ta ɓoye makullin babur, ta sa shi cikin tukunyar shinkafa, wai ba zan duba can ba. Gobe ina tafe. Gobe za mu ɗauki azumi, in na zauna a gida yunwa da Nebisa za su haɗu a kaina."

Na ce mu ma muna cikin namu azumin. Ya ce, "Naku na masu gata, kuna shan ruwa."

Alhamis, 23 ga Maris, da rana

Ya zo. Ya ɗaga ganye ya shinshina, ya ce furen ya fi ni fara'a. Ya ɗaure a bayan babur ya tafi.

Ina cikin lambu ina ban ruwa na hango su ta tsakanin itatuwan kwakwa, a kwanar da ke bakin gonar shinkafa. Samari ne, sun rufe fuska da ƙyalle. Ɗaya ya riƙe kan babur. Ɗaya na da sandan ƙarfe.

Ban san ina iya gudu ba har yanzu. Ina gudu ina ihu. Da na isa yana ƙasa, hannunsa na dama ya juya ta inda hannu ba ya juyawa, furen kuma a warwatse cikin taɓo. Suka watse. Ɗaya ya tsaya, mai sandan, ya ce da ni a hankali, "Doddamma, koma gida."

Mutum ɗaya ne a duniya yake kirana uwa babba.

Na wanke sarina, jinin bai fita duka ba.

Juma'a, 24 ga Maris, da safe

Na tsinke. Na ɗaura ni kaɗai. Varija ba ta zo ba.

Asabar, 25 ga Maris, da yamma

Na shiga bas zuwa asibiti a Udupi. An yi masa ɗori tun daga kafaɗa, likita ya ce a jira a ga ko yatsun za su dawo. Likita ya kuma hana shi azumi saboda magani, wannan ne ya fi ɓata masa rai.

Ɗan sanda ya zo jiya, an rubuta cewa faɗuwa ya yi daga babur.

Na ce, "Faɗuwa, Hasanabba?"

Ya ce, "Hanyar nan duk ramuka ce, Appi-bai, ke ma kin sani."

Nebisa ta miƙe tsaye. "Ramuka masu sanda! Ke kina wurin, ke kika ɗauko shi. Kin gan su ko ba ki gan su ba?"

Ya ce mata ta rage murya, akwai mutane. Sannan ya dube ni ya ce, "Ina da 'ya'ya mata a gida da suke bin hanyar nan zuwa makaranta. Ban ga kowa ba. Ke ma idonki ya tsufa."

Idona bai tsufa ba. Ina zura zare a allura ba tabarau. Amma na ajiye lemon da na kawo na fito. Nebisa ba ta rako ni ba.

Lahadi, 26 ga Maris, bayan coci

Fada ya yi wa'azi a kan haƙuri. Ya ce rikicin ba namu ba ne, kowa ya kama kansa. Ina zaune ina jan carbi, ban san sau nawa na ɓata lissafi ba.

Da nake babu mai ɗauka, na kai furen yau maƙabarta. Na sa wa mijina, ya yi yawa, na bi kaburbura ina rabawa. Matattun Bolpadi ba su taɓa yin ado haka ba, har da tsohuwar nan da ta rasu ba ta yi mini magana.

Litinin, 27 ga Maris, da hantsi

Shetty na kwamitin haikali ya zo da kansa, cikin farar riga, ya ƙi zama.

"Appi-bai, kada ki damu, ƙyallen nan ba da ku ake ba. Furenki na nan a matsayinsa. Za mu turo yaronmu ya riƙa ɗauka, ranar karusa ma shi zai shigo da shi."

Na ce, "Ƙyallen ya ce wanda ba Hindu ba. Yaushe na zama Hindu ban sani ba?"

Ya yi murmushi. "Bana dai ba da ku ake ba."

"Baɗi fa?"

Ya ce sauran masu lambu na unguwar coci duk sun yarda, ni kaɗai na rage. Na ce to ya sa wa Devi nasu. Ya ce na san ba haka ake yi ba, mutane za su tambaya. Na ce to su tambaya. Furen gidan nan hannun gidan Hasanabba ke kai shi, in babu wannan hannun, babu fure.

Ya ce, "Hannun ma na ji an ce ya karye."

Na ce, "Akwai na hagu."

Bayan ya tafi sai da na zauna a ƙasa.

Talata, 28 ga Maris, da yamma

Ɗana Roshan ya kira daga Kuwait. Wani ya riga ya kai masa labari. "Mama, ki ba su furen kawai. Ke kaɗai ce a gidan nan, in suka zo wa zai tsaya miki? Ko ki rufe gida ki tafi wajen Goggo a Mangaluru." Na ce mallige ba ya zuwa Mangaluru, kullum sai an tsinke shi, in ba haka ba ya yi fushi ya daina toho. Ya ce ni ce dai mai fushin. Ɗan ubansa.

Na tsinke. Na ɗaura. Maƙabarta.

Laraba, 29 ga Maris, da rana

Na ga Varija ta kan shinge tana shanya. Ta rame. Ta so ta shige ɗaki, na ce, "Ke, tsaya. Na zama dodo ne?"

Ta zo bakin shinge tana murɗa gefen sarinta.

"Akka, me kika faɗa a asibiti?"

"Ban faɗi komai ba."

"Ɗana Yatish ba ya cin abinci. Ya shigo, ya kwanta, ya fita. Abokin nasa ne fa wanda ya mutu a gada, tare suka yi makaranta. Waɗancan mutanen ne suke zuga shi, shi ba haka yake ba. Ke kin san shi. Ke kika yi masa wankan farko da ubansa ya gudu ya bar ni."

Na ce na san shi. Shi ya sa na gane muryar.

Ta riƙe shingen da hannu biyu. Ta ce, "Shi kaɗai gare ni."

Na ce na sani. Ban yi mata alkawarin komai ba, ita ma ba ta nema ba.

To ga shi na rubuta sunan, ko da yake daga bakinta ya fito.

Alhamis, 30 ga Maris

Na tsinke. Na ɗaura.

Juma'a, 31 ga Maris, da yamma

Mayyaddi mai kifi ma sun tare shi sun doke shi. A kwanar nan dai, yau da safe. Tsoho ne da ke tura keke yana busa ƙaho, kyanwoyin unguwa na bin sa. An ce kunnensa ɗaya ba zai ƙara ji ba. An ce shi ma faɗuwa ya yi.

Na je Hanyar Gicciye a coci, na kasa durƙusawa daidai. Da na yi magana tun ranar Asabar, da yanzu Mayyaddi na nan yana yi mana ƙaryar cewa kifin jiya na yau ne. Wannan tunanin ya bi ni har gida, yana nan zaune tare da ni.

Zan faɗa. Amma sai furen ya shiga tukuna, don in na faɗa yanzu, garin zai kama da wuta kafin Larabar karusa. Kuma sai na fara gaya wa Varija da bakina.

Lahadi, 2 ga Afrilu, da la'asar

Daga coci, da ganyen kwakwar da aka raba mana na Lahadin Dabino a hannu, na zarce gidan Bhat a bayan haikali. Yana zaune a dakali ba riga, yana shan iska. Ya tsufa sosai. In magana ba ta yi masa ba, kurma ne.

Na ce, "Ranar Laraba zan kawo furen, Hasanabba zai miƙa maka."

Ya ce, "Eh, zafi kam bana ya yi yawa."

Na matso na faɗa da ƙarfi. Ya kira ni da cikakken sunana ya ce, "Kada ki yi mini ihu, Apolin, na ji ki tun farko. Ƙyallen ba nawa ba ne. Kwamiti ne ke da ƙofa, ni abin da ke ciki ne nawa."

"Ban tambaye ka ƙofa ba. Za ka karɓa ko ba za ka karɓa ba?"

Ya kalli ganyen da ke hannuna. Ya ce, "Ku ma kun fara sace mana ganyen kwakwa." Sannan ya kira matarsa ta ba ni ruwa. Iyakar abin da na samu ke nan.

Litinin, 3 ga Afrilu, da rana

An sallamo Hasanabba. Na je gidansa. Ban ma buɗe baki ba ya ce, "Ƙarfe nawa ranar Laraba?"

Nebisa ta ce, "Ba inda za ka! Hannu ɗaya ya rage maka, shi ma kana so ka kai musu?"

Ya ce, "Babana ya kai da zazzaɓi. Kakana ya kai a shekarar ambaliya, ruwa har ƙirji. Ni ne zan zama wanda ya fasa? In na fasa bana, shi ke nan an gama, baɗi ba wanda zai tuna an taɓa yi."

Ta juyo kaina. "Ke ce kike sa shi. Ke da kika iya shiru a asibiti, yau kin iya magana."

Na ce tana da gaskiya. Na gaya mata abin da na yanke, da ranar da zan yi. Ta ce, "To ni ma zan je ranar Laraba. In za a doke shi a doke shi a gabana, in ga ramin da idona."

Talata, 4 ga Afrilu, da yamma

Na ba lambu ruwa sau biyu. Na wanke kwandon surukata. Tsoro nake ji, ba amfanin ɓoyewa. Zan je.

Alhamis, 6 ga Afrilu, da safe

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Na tsinke tun da duhu, na zaɓi mafi tsawo da fari. Ina cikin ɗaurawa sai ga Varija. Ba sallama, ta zauna a wurinta ta ja zare. Hannunta ya fi nawa sauri, kullum ma haka ne. Muka gama. Ta tashi ta tafi ta yi wanka, don ita tana cikin matan da ke jan igiyar karusa.

Na ajiye furen a inuwa cikin jiƙaƙƙen ganye don kada ya buɗe. Da la'asar muka kama hanya, ni da kwando a ka, Hasanabba a gefena da hannunsa rataye a wuya, Nebisa a bayanmu cikin baƙin lulluɓi tana ta mita. Hanya cike da mutane, ana kiɗa. Da muka matso sai aka riƙa buɗe mana hanya, ba don girmamawa ba, don kada a gan su kusa da mu. Rumfunan bana ba su kai rabin na bara ba. Babu mai alewa, babu mai balan-balan.

A ƙofa, ƙarƙashin ƙyallen, samari sun jeru. Yatish na tsakiya. Bai kalle ni ba, bai kalli hannun ba.

Shetty ya fito da sauri. "Appi-bai, madalla, kawo kwandon nan."

Na sauke na miƙa wa Hasanabba. Ya rungume da hannun hagu, kwandon na zamewa, ya tare da gwiwa. Wani ya yi ihu daga baya, kalmar da ba zan rubuta ba. Wani ya jefo ɓawon kwakwa, ya sami Nebisa a kafaɗa. Ta ce da ƙarfi, "Wanda ya jefa ya fito, in ga ko uwarsa na nan!" Wasu mata suka yi dariya, dariyar ta ɗan sassauta wurin.

Muka tsaya. Ba mu matsa gaba ba, ba mu koma ba. Rana na dukan furen, ni abin da ke raina ke nan, zai buɗe.

Daga ciki aka fara surutu. Karusa a shirye, igiya a ƙasa, masu kiɗa sun gaji, amma ba a fito da Devi ba. Ashe an kai wa Bhat furen wasu lambuna, ya ce bai ji me ake cewa ba. Aka yi masa ihu a kunne, ya ce zafi ya yi yawa.

Can sai ga shi yana tahowa, yana dafe da kafaɗar ƙanensa, ba takalmi, da kwakwa da ayaba a faranti. Ya zo har gaban samarin ya ce, "Ku matsa, ku kuka ce kada ya shigo, ba ku ce kada in fita ba." Suka matsa. Ya wuce ƙarƙashin ƙyallen ya sauko kan kwalta mai zafi, ya tsaya gaban Hasanabba.

"Ka makara."

Hasanabba ya ce, "Hanya ce ba kyau."

Ya karɓi kwandon, ya ba shi farantin. Hasanabba ya rasa hannun karɓa, Nebisa ta karɓa. Iyakarta ke nan. Bhat ya juya ya koma.

Ba mu shiga ba. Ƙyallen na nan har yanzu, na gan shi da safen nan. Daga bakin titi muka ga karusa ta fito, furen a kan Devi fari fat, ya fara buɗewa. Na hango Varija a igiya tana ja, fuskarta duk hawaye. Hasanabba ya ce, "Mu tafi, an kusa shan ruwa, ko ban yi azumi ba ba zan bar wa yara dabino ba."

Juma'a, 7 ga Afrilu, da yamma

Bayan an sauke siffar Yesu daga gicciye a coci na dawo, na shiga gidan Varija. Na gaya mata a tsaye. Na ce ranar Litinin zan je caji ofis in faɗi abin da na gani da wanda na ji. Na ce na zo ne don kada ta ji a bakin wani.

Ta ce, "Ba don ni ba, Akka? Ba don shekarun nan duka ba?"

Na ce, "Mayyaddi ba ya ji da kunne ɗaya. Na gaba mutuwa zai yi, kuma Yatish ne zai ɗauki alhakin har ƙarshen ransa."

Ta ce in fita mata daga gida. Na fita.

Lahadi, 9 ga Afrilu, Ista

Na tsinke. Na dafa naman Ista, ban iya ci ba. Roshan ya kira, ban gaya masa ba.

Litinin, 10 ga Afrilu, da la'asar

Na fito da safe na kulle gida, sai na ga Varija a bakin hanya cikin sarinta na fita. Na zaci roƙona za ta yi. Ta ce, "In za ki faɗa, a gabana za ki faɗa." Ta wuce gaba.

A bas ta zauna nesa da ni. A caji ofis suka bar mu a benci har rana ta take. Ɗan sandan ya ce ai an rufe maganar, mutumin da kansa ya ce faɗuwa ya yi. Na ce ni ban faɗi ba, a tsaye nake, kuma ba zan tashi ba sai an rubuta. Ya tambaye ni wace ce wannan. Kafin in amsa ta ce, "Uwar yaron ce." Ya dube ta, ya dube ni, ya ɗauko biro.

Na faɗi komai, har da abin da ya kira ni. Tana zaune tana kallon bango. Da aka karanto mini na sa hannu.

Ban san me za su yi da takardar ba. Wataƙila su zo gobe, wataƙila ta kwanta a aljihun tebur. In ta kwanta zan koma.

A hanyar dawowa ma ba ta yi mini magana ba. Da bas ya tsaya a Bolpadi ita ta fara sauka. Matakalar na da tsayi, na tsaya ina neman inda zan dafa. Ta juyo ba ta kalle ni ba, ta kama hannuna da ƙarfi har na sauko. Sannan ta sake ni, ta bi hanyar gidanta.